Kowace da Sunanta a Gaban Allah

(Jawabin da uwar ƙungiya ta yi wa membobi da iyalansu a sujadar godiya ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a nan Wudil. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi, domin waɗanda ba su samu zuwa ba.)

 

Baba Rabaran da Mama, dattawan ikkilisiya, shugabar ƙungiya da 'yan kwamitinta, iyayena mata, ƙannena da 'ya'yana, da mazajenmu da suka daure suka zo, ga su can a kujerun baya, sannunku da zuwa. Waɗanda suka yi sammako daga Gani da Sumaila da Garko, da waɗanda suka fito daga makarantar 'yan sanda da gidajen ma'aikatan jami'a, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Maƙwabtanmu Musulmi da muke saye da sayarwa tare, kuka zo taya mu murna, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Kwamiti ya ɗora mini kan magana mai nauyi: musun kai, da yadda mai bi zai ƙara zama kamar Allah. Akwai wata tambaya da mata da yawa ke riƙe da ita a ciki, ba sa iya fitar da ita a taron Zumuntar Mata don kada a ce ba su da bangaskiya. Tambayar ita ce: in an ce in yi musun kaina, in bayar, in yi haƙuri, in sa kowa a gabana, to, ni kuma ina na rage? In dukanmu za mu zama kamar Almasihu, ashe wata rana ba za a iya bambanta ni da ke ba? Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta ta shafi har kuɗin da ke cikin asusunmu. Ku ba ni kunnuwanku.

Mu fara da maganar zama kamar Allah, don tana da nauyi a kunne. Ba wanda ke cewa ɗan Adam zai zama Allah. Allah ɗaya ne, Mahalicci ne, mu kuwa halittu ne, haka kuma za mu kasance har abada. Abin da ake nufi shi ne halinsa ya bayyana a cikinmu: jinƙansa, gaskiyarsa, amincinsa, haƙurinsa. Sura ta farko ta littafin Farawa ta nuna mana cewa tun farko cikin kamanninsa ya yi mu, mace da namiji duka. Wato kamannin nan gadonmu ne, zunubi ne ya dusashe shi. Wani babban malamin ikkilisiya ɗan nahiyarmu, Atanasiyus, bishop na Iskandariya a ƙasar Masar, wanda ya rasu a shekara ta 373, ya koyar cewa dalilin da ya sa Almasihu ya sauko ya ɗauki irin rayuwarmu shi ne don mu samu rabo cikin irin tasa.

Hanya biyu ce Littafi Mai Tsarki ya nuna ta neman wannan kamanni. Ta farko tana cikin Farawa sura 3. Maciji ya yi wa Hawwa'u tayin zama kamar Allah, hanyar kuwa ita ce ta miƙa hannu ta ƙwato abin da ba a ba ta ba. Ta biyu tana cikin Filibiyawa sura 2, inda Manzo Bulus ya nuna Almasihu, wanda yake da dukan ɗaukaka, ya sake ta da yardarsa, ya sauko ya yi hidima har ga mutuwa. Ɗaya ta ƙwace, ta rasa abin da take da shi. Ɗaya ya saki, aka ɗaukaka shi. Shi ya sa musun kai yake a tsakiyar maganar. Allahn da muke so mu yi kama da shi, mai bayarwa ne.

To, amma in mun bi wannan hanya, ɓacewa za mu yi? Wasu suna zaton abin kamar kogin nan namu ne. Kun san kafin ruwa ya iso ƙarƙashin gadar Wudil, kogin Kano da na Challawa sun riga sun haɗe. In kika tsaya a kan gada, ba ki iya cewa wannan ruwan Tiga ne, wancan na Challawa. Daga nan ya wuce Haɗeja, ya shiga Yobe, ya nufi tafkin Chadi, ko'ina da sunan da ake kiransa. Mutane suna ganin haka mai bi zai narke cikin Allah, ba suna, ba alama. Malaman ikkilisiya na dā sun ba da wani misali da ya fi wannan dacewa, wanda duk wadda ta taɓa leƙa maƙera za ta gane. Maƙeri ya sa ƙarfe a wuta, yaro na ta zuga. Can sai ƙarfen ya yi ja, ya ɗauki zafin wuta da haskenta, in ya taɓa kara sai ya kama. Amma har yanzu ƙarfe ne. Kuma abin da za a ƙera lauje ya fito lauje, na fartanya ya fito fartanya, na wuƙa ya fito wuƙa. Wuta ɗaya, kowane da siffarsa da aikinsa. Tsatsa ce kawai ke ƙonewa.

Ku dubi matan da Littafi ya ba mu labarinsu. Tabita ta garin Yafa, cikin Ayyukan Manzanni sura 9, maɗinkiya ce. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa tufafin da ta ɗinka musu. Lidiya kuwa, a sura 16, 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada, tana da gidan kanta da mutanen da ke ƙarƙashinta, kuma a gidanta masu bi na Filibi suka riƙa taruwa. Biriskila, a sura 18, ita da mijinta suna ɗinkin tanti, kuma ta san Maganar Allah har suka ja wani mashahurin mai wa'azi gefe suka ƙara masa haske. Marta mai kazar-kazar ce, 'yar'uwarta Maryamu mai zama ta saurara. Ba inda aka ce wa Lidiya ta rufe kasuwancinta ta koma ɗinki kamar Tabita. Kowace ta miƙa wa Allah abin da ke hannunta, kuma bayan shekara kusan dubu biyu muna kiransu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Maganar suna ba ƙarama ba ce a wurinmu mata. A al'adarmu, da zarar an kai ki ɗaki, sunanki ya fara ɓuya. Yau ke ce Amarya, gobe Uwargida, jibi Maman wane. Surukai ba sa kama sunanki, 'ya'ya ba sa kamawa, maigida ma sai ya ce "ke" ko "kina ina?" Kunya ce da girmamawa, ban ce a bari ba. Amma akwai tsohuwa a nan wadda ta shekara da shekaru ba ta ji an kira ta da sunan yankanta ba, sai ranar da sakatariya ta buɗe littafin zubi ta kira rijista. Wannan littafin yana yin wani abu mai kama da abin da Allah yake yi. Yohanna sura 10 ta nuna makiyayi mai kiran tumakinsa ɗaya-ɗaya da suna. A sura 20, Maryamu Magadaliya tana kuka a bakin kabari, ta ga Ubangiji ta ɗauka mai lambu ne, ba ta gane shi ba sai da ya kira sunanta. Allah ba ya ƙirga mu a garke kamar shanun da ake lodawa a Kara ranar Juma'a.

Bari in ba ku labarin wata mace da aka ƙwace wa suna. An haife ta a Darfur ta ƙasar Sudan wajen shekara ta 1869. Tana ƙaramar yarinya masu farautar bayi suka sace ta. Tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, waɗanda suka sace ta suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a. Aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu, aka yi mata duka, aka tsattsaga mata jiki. A 1885 aka tafi da ita Italiya, ta zama mai renon 'yar wasu masu kuɗi. Uwargijiyarta ta yi tafiya, ta bar ta da yarinyar a hannun wasu sistoci a birnin Benis, a can ta ji labarin Almasihu. Da matar ta dawo za ta tafi da ita, sai Bakhita ta ce ba za ta bi ta ba. Aka lallashe ta, aka matsa mata, ta tsaya a kan bakanta. Magana ta kai gaban hukuma, a ƙarshen 1889 aka yanke cewa ita 'ya ce, ba mai iko da ita. Aka yi mata baftisma a farkon 1890, daga baya ta zama sista. Ta yi fiye da shekara 40 a wani gari mai suna Schio tana girki, tana ɗinki, tana tsaron ƙofa, har ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947. Ikkilisiyar Katolika ta sa ta cikin jerin tsarkaka a shekara ta 2000.

Ku lura da kyau. Tana baiwa, hidima take yi da reno. Da ta zama sista, girki take yi da hidima da buɗe ƙofa. In ka hango daga nesa, aiki ɗaya ne. Bambancin shi ne a dā ƙwata ake yi, daga baya ita ke bayarwa. Kuma tsakanin biyun akwai ranar da ta buɗe baki ta ce a'a. Wadda ba ta da ikon cewa a'a, "to" ɗinta ba kyauta ba ce. Ubangijinmu kansa ya bayyana a Yohanna sura 10 cewa ba wanda ya ƙwace ransa, shi ya ba da shi don kansa. Saboda haka kafin ki yi musun kai, dole ki san kina da kan da za ki musa. Ba a baiko da abin da ba naki ba.

Mu dawo gida. A shekarun 1930, mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau muke kai tsofaffinmu. A lokacin nan, in cutar ta kama mutum, sunansa ya tafi, sai dai a ce kuturu. Masu wanke gyambo da ɗaure ƙafa a wuraren nan, Turawa da 'yan ƙasa, maza da mata, sun yi musun kai na gaske, don aiki ne da mutane ke gudu. Amma ku dubi abin da musun kansu ya haifar. An rubuta sunan majinyaci a kati, an koya masa karatu da sana'a, wasu sun warke sun zama malaman asibiti da masu koyarwa, sun yi aure sun kafa gida. Sunan wurin ma wa'azi ne: ya da kunya. Ga ma'aunin da za mu riƙa gwada musun kai da shi. In na Allah ne, yana tsai da mutum da ƙafafunsa. In ya bar mai bayarwa a tagayyare, mai karɓa kuma ya zama cima-zaune, to, a sake dubawa.

Ita kanta ƙungiya irin tamu a kan wannan tushe aka gina ta. A watan Disamba na 1844, wasu ma'aikata 28, da yawansu masaƙa, a garin Rochdale na Ingila, suka haɗa ɗan abin da suke da shi, wajen fam ɗaya kowa, suka buɗe ƙaramin shago suna sayar da gari da sukari da man shanu da kyandir. Abin da ya kore su daga shagunan gari shi ne algus da tauye awo. Dokokinsu biyu har yau duniya na bi: kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa, kuma a raba riba gwargwadon cinikin da kowa ya yi da shagon. A Nijeriya an kafa dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa a 1935. Mu kuwa tun kafin wannan iyayenmu suna da adashi da gayya. Duk hikimar ɗaya ce. Kowa ya saki wani abu daga hannunsa, amma ba wanda aka shafe sunansa. Mai zubin dubu goma da mai zubin dubu ɗaya, in an zo ɗaga hannu, hannu ɗaya kowace ke da shi.

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ciwo. Abu huɗu ne, kuma duk ana fakewa da sunan musun kai a cikinsu.

Na ɗaya, rance. Mace ta zo ta cika takarda, ta ce za ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli da mai, ko za ta sayi shanshera ta turara, ko tunkiya biyu na kiwo. 'Yan'uwa biyu suka tsaya mata, ta dangwala hannu. Kuɗi ya shiga gida da yamma, kafin gari ya waye ya koma aljihun wani: maigida zai gyara babur, ƙanin miji zai yi aure, ɗa zai sayi waya. In ta yi gardama a ce ba ta da biyayya, ba ta san musun kai ba. Wata na ƙarewa kuwa ƙofarta za a ƙwanƙwasa, sunanta za a kira a taro, ita za ta sunkuyar da kai. Iyayena maza, da ladabi nake magana. Shawara tsakanin miji da mata abu ne mai kyau, kuma in gida ya shiga matsi, mace mai hankali ba za ta ƙi taimako ba. Amma kuɗin nan amana ce ta mata da yawa, an ba da shi don wani aiki takamaimai. Ku tuna Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Bitrus ya nuna musu sarai cewa gonar tasu ce, kuɗin ma bayan sayarwa yana hannunsu, ba wanda ya tilasta musu. Laifinsu ƙarya ce. Mace ta ce wa kwamiti gyaɗa za ta saya alhali ta san babur za a gyara, an sa ta yin ƙarya ga 'yan'uwanta. In maigida na bukatar rance, ya zo ta ƙofa a yi maganar a fili.

Na biyu, yafe bashi. Duk shekara sai an samu mai tashi ta ce, "Haba, ai mu masu bi ne, a yafe mata mana." Zuciya ce mai kyau, amma mu yi lissafi. A ce mu 40 ne, kowace tana zuba naira 2,000 a wata. Wata ɗaya 80,000 ke nan. In mata uku suka karɓi 100,000 kowace ba su biya ba, 300,000 ta tafi, kusan zubin wata huɗu na dukanmu. In an raba asarar, kowace ta yi hasarar 7,500, har da gwauruwar da ke sayar da awara a bakin tasha don ta haɗa zubinta. Wa ya tambaye ta ko ta yarda? Kyauta da kayan wani ba ta da lada. Basamariyen nan na Luka sura 10, daga aljihunsa ya ciro dinari biyu ya ba mai masauki, bai ce mai masauki ya yi asara don Allah ba. Manzo Bulus da ya roƙa wa Unisimus gafara wurin Filimon, cewa ya yi a rubuta bashin a kansa, shi zai biya. Saboda haka shawarata ga babban taro mai zuwa ita ce mu raba tukunya biyu. Jari yana nan, ana rance ana biya, wadda ta shiga wahala a ƙara mata lokaci, a rage mata abin da take kawowa duk wata. Gefe guda kuma a buɗe asusun jinƙai, wanda kowace za ta sa abin da ta ga dama da yardar ranta, domin wadda gobara ko ciwo ko rasuwar miji ta durƙusar. Galatiyawa sura 6 ta haɗa abu biyun nan cikin 'yan ayoyi kaɗan: a taya juna ɗaukar kaya mai nauyi, kuma kowa ya ɗauki nasa ƙunshin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kun ga yadda kuɗin mota zuwa Kano da kuɗin buhu suka koma. Masu bukatar jinƙai za su ƙaru, kuma in jari ya karye ba mai taimakon kowa.

Na uku, shugabanci. In an zo zaɓe, sai ka ga wadda ta iya lissafi tana noƙewa tana cewa, "Ni wace ce? Ban isa ba." Ana ɗauka tawali'u ne. Wani lokaci tsoron bakin mutane ne kawai. Bawan nan na Matiyu sura 25 da ya binne abin da aka ba shi a rami, ba a yabe shi da tawali'u ba. In Allah ya ba ki kan lissafi, ki riƙe littafi. In ya ba ki baki, ki je ki yi mana magana a ofishin ƙaramar hukuma. In hannunki ke da albarka a daddawa, ki koya wa 'yan baya, kada ki tafi kabari da sirrin. A ɗaya gefen kuma akwai wadda ta rungume komai: ita ce a kasuwa, ita ce a banki, ita ce a girkin biki, tana cewa sadaukarwa take yi, alhali ta kasa yarda wata ma za ta iya. Surukin Musa ya gan shi yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'a, ya raba aikin. Wannan yana Fitowa sura 18. Wani lokaci musun kai mafi wuya shi ne ki sauka daga kujera ki bar ƙanwarki ta hau, ki kuma taya ta da zuciya ɗaya.

Na huɗu ya fi sauran nauyi. Akwai matan da ake duka a gida, in sun kai kuka a ce su yi haƙuri, gicciyensu ke nan. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne, kuma ba gidan da ke tsayawa ba tare da shi ba. Amma jikin da ake duka, cikin kamannin Allah aka yi shi. Ubangijinmu kansa, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, ya tambaye shi dalili, kamar yadda Yohanna sura 18 ta nuna. Bulus da aka ɗaure shi za a yi masa bulala, ya fito da 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma. 'Yata, in haka na faruwa da ke, ki faɗa wa Mama, ki faɗa wa dattawa, ki faɗa wa iyayenki. Dattawa kuma, don Allah in an kawo muku, kada a tsaya ga ba mace haƙuri kawai a sallame ta. A kira mai dukan a yi masa magana.

Na san wata za ta ce, "Mama, wannan magana ba za ta sa mata su ɗaga kai ba?" Haɗarin yana nan, ba zan ɓoye ba. Sonkai ma yana cikinmu, kuma shi ne tsatsar da wuta za ta ci. Akwai wadda ba a ganinta ranar aikin gayya, sai ranar rabon riba ta riga kowa zuwa. Akwai mai karɓar rance ta yi anko, ta bar waɗanda suka tsaya mata da biya. Akwai mai ɓoye wa 'yar'uwa inda ake samun gyaɗa da sauƙi. Akwai mai danna gindin mudu, ko ta gauraya man gyaɗa da wani mai, ta kai kasuwar Juma'a. A garin nan mu kaɗan ne, an san mu, ana kallonmu. Yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azin Baba Rabaran ba, mudunmu shi ne wa'azin da suke gani. Sanin darajar kai dabam, sonkai dabam. Mai sonkai tana tambaya, me zan samu? Wadda ta san darajarta tana tambaya, me Allah ya sa a hannuna, kuma wa zai amfana da shi? Umarnin ƙaunar maƙwabci ma, ma'aunin da aka ba mu a cikinsa shi ne yadda muke kula da kanmu. Wadda ta raina kanta, da wane mudu za ta auna wa wani?

'Ya'yana 'yan mata da samari, ku ma da ku nake. A waya kullum ana ce muku rayuwarku taku ce, ku yi abin da ranku ke so. Ku dubi masu faɗin haka da kyau: kwalliya iri ɗaya, magana iri ɗaya, rawa iri ɗaya, kowa na kwaikwayon wani. Sannan ku dubi iyayen nan da ke zaune a layin gaba, waɗanda suka yi shekaru suna bin Ubangiji. Wannan mai barkwanci ce, wannan ba ta cika magana ba, wannan in ta tsawata sai kowa ya shiga taitayinsa, wannan in ta yi addu'a sai ka ji hawaye. Ba biyu da suka yi kama, amma in kin zauna kusa da kowace sai ki ji ɗumin wuta ɗaya. Kuɗin makarantar da yawanku daga kaskon suyarsu ya fito. Ku riƙa tambayarsu labarin rayuwarsu, ku san sunayensu na yanka da garuruwan da aka haife su.

Abin da nake roƙo mu tafi da shi gida ke nan. Kafin taron wata mai zuwa, kowace ta zauna ita kaɗai ta amsa tambaya biyu a gaban Allah. Mene ne abu ɗaya da ya ba ni wanda nake ɓoyewa, ƙungiya kuwa tana bukatarsa? Mene ne kuma abu ɗaya da na ƙanƙame wanda ya kamata in saki, ko kujera ce, ko gaba ce, ko bashin da nake da halin biya na ƙi? Wadda ake bi bashi ta je wurin ma'aji da ƙafarta, ko da ɗari biyar ce a hannunta, a zauna a tsara yadda za ta gama. Mazajenmu kuma, yau in an koma gida, kowa ya tambayi matarsa yadda sana'arta ke tafiya, ya saurari amsar har ƙarshe.

Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.

Ya Uba, mun gode da ka kawo mu wannan rana da rai da lafiya. Mun gode domin matan da suka fara wannan tafiya, waɗanda ke nan da waɗanda suka riga mu zuwa wurinka. Ka ƙone sonkai da ke cikinmu, ka bar abin da ka halitta. Ka ba masu tsoro ƙarfin zuciya, ka ba masu riƙo ikon saki. Ka sa albarka a jarinmu, da gonakinmu, da dabbobinmu, da 'ya'yanmu. Ka ba garin Wudil da jihar Kano zaman lafiya, mu da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.